Falsafa, Zane ko Hausa: Wace Ƙofa Za Ka Bi In Kana Son Nazarin Kyau a Jami'a?

Duk dubawar da za ka yi wa kundin JAMB, ba za ka tarar da jami'ar da ke ba da digirin farko a falsafar kyau da fasaha ita kaɗai ba. Fannin yana nan, ana karantar da shi, sai dai an yi watandarsa tsakanin sassa, kowa ya ɗauki kasonsa ya tafi. Shi ya sa yaron da ya gama sakandare a Kaduna, wanda kullum yake tambayar kansa me ya sa wata waƙa take ratsa jiki wata kuma ba ta ko motsa shi, ko wa ya isa ya ce wannan zane ya fi wancan, yakan zauna gaban kwamfuta ranar cike fom ya rasa abin da zai zaɓa. Manyan ƙofofin da ke kusa da mu uku ne: Falsafa, Zane da danginsa, sai Hausa tare da 'yar'uwarta Larabci. Duk ukun akwai su a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Hausa da Larabci kuma akwai su a Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, nan cikin gari.

Tambayoyin fannin ba su da yawa, amma kowacce tana cin rayuwar mutum. Kyau a jikin abu yake, ko a idon mai kallo? In a idon mai kallo yake, me ya sa muke yarda cewa akwai gwani akwai ɗan koyo? Mene ne ya mayar da abu aikin fasaha? Waƙar da ta tsaru amma take kira zuwa ga ɓarna, za a ce tana da kyau? Bajamushen nan Alexander Baumgarten ne ya ware wannan nazari ya mai da shi fanni mai zaman kansa, ya fitar da littafi a kansa a 1750, amma gardamar ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun zamanin Girkawa Aflatun ya nemi a kori mawaƙa daga birnin da ya ƙiyasta, don a ganinsa kwaikwayon gaskiya suke yi suna tayar da hankalin matasa, almajirinsa Aristo kuma ya tsaya musu. Wanda ya taɓa jin musun da ake yi kan finafinan Hausa a majalisa zai gane cewa har yau ba a tashi daga wannan zama ba.

Ƙofar Falsafa

Abin da Sashen Falsafa zai ba ka, wanda sauran ba za su ba ka yadda ya kamata ba, shi ne horon kafa hujja da rushe ta. A nan ba a karɓar "ni dai haka nake ji". In ka ce abu yana da kyau sai a tambaye ka me kake nufi, in ka amsa a kawo maka misalin da ya karya amsar, ka sake ginawa. Za ka haɗu da David Hume ɗan Sikotilan, wanda a 1757 ya ce ma'aunin kyau yana hannun alƙalai na ƙwarai, masu kaifin ji, waɗanda suka daɗe suna gani suna gwadawa, kuma ba su da son zuciya. Za ka haɗu da Immanuel Kant, wanda a 1790 ya kawo magana mai wuyar kaucewa: wai in ka ce abu yana da kyau, ba don kana son mallakarsa ko amfani da shi ba ne, kuma duk da cewa ji ne naka na kanka, kana sa ran kowa ya yarda da kai. Daga nan a zo ga Bafaranshen nan Marcel Duchamp, wanda a 1917 ya ɗauki mazubin fitsari na kanti ya aika da shi wurin baje kolin fasaha a Amurka, abin da ya sa masana har gobe suke musu kan ko hannu ne ke yin fasaha ko kuwa yardar masu harkar.

Daɗin wannan karatu yana fitowa ne ranar da ka ɗauki maganarsu ka gwada ta a kan kayanmu. Ɗauki babbar riga mai aska takwas, ɗinkin hannu irin na birnin Zariya. Dubi yadda asaken suka sauko daga wuya suka bi babban aljihu, kowacce da tsininta, ga tambari ya naɗe kansa a ɗaya ɓangaren ƙirji, ga wani a baya. Wani ne ya zana, wani ya ɗinka na tsawon watanni, mabuga suka buge ta har ta ɗauki sheƙi. Kant zai ce ka kalle ta a rataye, ka manta da mai ita da kuɗinta da ranar da za a sa ta. Amma wane Bahaushe ne yake yanke wa riga hukunci a rataye? Sai an sa ta, an naɗe hannuwa a kafaɗa, an taka, sannan a ce ta karɓe shi ko ba ta karɓe shi ba. Rigar da ta yi wa dattijo kwarjini, in saurayi ya zura ta sai a ce ta fi ƙarfinsa. Ke nan a wurinmu kyau yana tafiya da dacewa, da matsayi, da kunya, da sanin ya kamata, har ma kalmar da muke yaba fuska da ita da ita muke yaba hali. To, Kant ne ya yi kuskure, ko mu ne muke cakuɗa abubuwa biyu? Wannan tambaya ta isa kundin digiri, kuma ɗalibin falsafa ne ya fi kowa kayan aikin tunkararta.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. A cikin shekara huɗu na digirin falsafa, nazarin kyau kwas ɗaya ne ko biyu. Sauran lokacin na mantiƙi ne, wato ilimin ƙa'idojin hujja, wanda yana kaiwa inda za ka ga alamomi kamar lissafi, da nazarin yadda ake sanin abu, da ilimin ɗabi'a, da binciken asalin samuwa, da falsafar siyasa, da ta Afirka, da tarihin masana tun daga Girka. Wanda ya shiga don son waƙa ko zane kawai zai iya kai aji uku bai ji an ambaci abin da ya kawo shi ba. Karatun kuma duk da Turanci ne, Turanci mai nauyi, wanda ake maimaita shafi ɗaya sau uku kafin a kama zaren. In karatun littafi mai tsawo yana gundurar ka, kada ka yaudari kanka. Akwai kuma wani rashi da na fi jin zafinsa: ana iya gama digirin nan da sakamako mai kyau ba tare da an taɓa tilasta maka ka zauna gaban aiki guda na awa ɗaya kana kallo ba. Sai a samu mai iya kawo ra'ayin masana goma kan kyau, amma in ka ajiye masa hula zanna biyu ba zai iya gaya maka wadda ta fi aiki ba.

Dole a taɓo maganar gida, don ita ce ke hana da yawa. Iyaye da dama in suka ji falsafa sai gabansu ya faɗi, suna tsoron kada yaro ya dawo yana musu da abin da ba a musu da shi. Tsoron yana da tushe, ban raina shi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi a mas'ala 20, ya kafirta su a uku. Amma shi ɗin dai ya riƙi mantiƙi da daraja, ya yi rubutu a kansa, kuma a cikin littafinsa Ihya'u ya yi dogon bayani kan sauraron sauti mai daɗi, da kan bambancin kyan da ido ke gani da wanda zuciya ke gani. A nan ƙasar Hausa, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, ya yi rubuce-rubuce a fannin hikima da falsafa, kuma har yau ana karanta mantiƙi a zaurukan malamai. Su ma 'yan'uwa Kiristoci, masu shirin zama limaman Katolika sai sun yi shekaru suna karatun falsafa kafin su shiga na tauhidinsu. Wanda ya je da tushen addininsa da malamin da yake komawa gare shi, ban ga abin da zai same shi ba. Wanda kuwa ya je fanko, komai ma zai iya kaɗa shi, ba sai falsafa ba.

Ƙofar Zane

Nan ne mu mutanen jihar Kaduna muke da abin da wasu ke yi wa doguwar tafiya. Karatun zane a Zariya ya girmi jami'ar kanta. An dawo da shi daga Ibadan a 1955, lokacin makarantar tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, jami'ar kuma aka buɗe ta a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka riƙa kira 'Yan Tawayen Zariya. Malamansu Turawa ne, suna koya musu zane irin na makarantun Ingila. Su kuma suka ce ba za su yar da dabarun Turai ba, amma ba za su zama 'yan amshin shata ba: kowa ya koma gida ya ɗebo abin da kakanninsa suka bari ya haɗa da abin da ya koya. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai. Ka lura, wannan matsayi ne na falsafa tsantsa, kan mene ne kyau kuma na wa ne, amma ba a ajin falsafa aka haife shi ba. A ɗakin zane aka haife shi, a hannun yara masu fenti a riga. Bayan su an yi irin su Gani Odutokun, wanda ya koyar a sashen har rasuwarsa a 1995, da Jerry Buhari, ɗan kudancin jihar nan.

Abin da wannan ƙofa ke bayarwa ido ne da hannu. Za a ajiye maka tulu da ƙyalle a kan tebur a ce ka zana, ka yi awa uku, malami ya zo ya nuna maka cewa inuwar da ka yi baƙa ba baƙa ba ce, akwai ja a cikinta, kuma bakin tulun da ka zana da'ira, daga inda kake zaune ba da'ira ba ne. Ranar za ka gane cewa tun da aka haife ka abin da ka sani kake gani, ba abin da ke gabanka ba. Bayan shekara biyu na irin wannan, in ka shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, mai mulki daga 1834 zuwa 1846, ba "Masha Allah" kaɗai za ka ce ka wuce ba. Za ka ga yadda bakan gizo ke tasowa daga ginshiƙi ya rarrabu ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, yadda aka jera azara a cikin ƙasa ta ɗauki nauyin rufi, yadda zanen jikin ginshiƙan ya yi zurfi don haske kaɗan ya ishe shi ya fito. Haka in ka shiga gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu ka tsaya gaban kawunan Nok, wato tsofaffin kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, waɗanda aka fara tono irinsu a 1928 wajen haƙar kuza a ƙasar Jaba, kuma sun haura shekara 2000, za ka tsaya kan idanun nan masu kusurwa uku da hujin da ke tsakiyarsu, ka tambayi abin da maginin ya zaɓa ya bari da abin da ya zaɓa ya ƙara.

Farashin wannan ido yana da yawa. Na farko lokaci: aikin situdiyo ba ya ƙarewa da tashi daga aji, ana kwana a kansa, kuma abin da ya rage na karatun littafi kaɗan ne. Ana koyar da tarihin fasaha da sharhinta, ana taɓa falsafarta, amma ba da zurfin da Sashen Falsafa zai kai ba, kuma ɗalibai da yawa suna ɗaukar waɗannan kwasa-kwasan a matsayin abin da za a haye kawai. Na biyu kuɗi. Fenti, burushi, takarda, ƙyallen zane, katako, yumɓu, siminti, ƙarfe, yawancinsu daga aljihunka za su fito, zango bayan zango, aikin kammalawa kuma ya fi kowanne ci. Ɗalibin falsafa ko Hausa yana iya lallaɓawa da laburare da waya. Ɗalibin zane ba ya iyawa. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana rage nauyin kuɗin makaranta, amma a zauna da Baba a yi lissafin kayan aiki tun kafin a karɓi takardar shiga.

Na uku shi ne zancen sura. Zana mutum yana cikin tushen horon, haka ma gina siffa da yumɓu, kuma ba a tsallake shekarun farko don mutum ya ce shi zayyana kawai yake so. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta, da hoton da ke shafe a takarda, wasu malaman kuma sun tsananta a duka biyun. Ba ni zan yanke maka ba. Abin da nake roƙo shi ne ka kai wa malaminka tambayar tun kafin ka cike fom, kada sai ka kai aji biyu zuciyarka ta ƙi aikin, ka rasa gaba ka rasa baya. Wanda abin ya tsaya masa a rai yana da mafita a maƙwabcin sashen, inda ake koyar da zayyanar kayan masana'antu: zanen atamfa da saƙa da rini, tukwane da tangaran, da zanen talla da bugu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, maginiyar tukwane ce, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Akwai kuma reshen tarihin fasaha a cikin Sashen Zane, wanda a ganina shi ne wurin da ido da karatu suka fi haɗuwa a duk jami'ar.

Wasan kwaikwayo da zanen gine-gine su ma suna taɓa fannin. Na farko yana da dandalinsa na ginin ƙasa a Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, kuma a can ake karanta Aristo da gaske. Na biyu yana neman lissafi da kimiyya, kuma sana'a ce mai zaman kanta. Wanda ya nufe su ya riga ya san kansa.

Ƙofar Hausa da Larabci

Wannan ita ce ƙofar da aka fi rainawa, kuma ita ce nake ganin an fi yin asara da rainata. "Hausar da kake ji ita za ka je jami'a ka karanta?" Kowa ya san wannan tambaya. Amma in abin da ke motsa ka kalma ce da sauti, babu inda za ka sami kayan aiki a shirye kamar nan. Manazarta irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa hanyoyin feɗe waƙa, rubutacciya da ta baka, da kalmominmu: jigo da warwararsa, zubi da tsari, turke, gindin waƙa da ɗiyanta, amsa-amo, kari, adon harshe da rassansa irin su kamantawa da siffantawa da jinsintarwa. Za ka koyi dalilin da ya sa baiti yake zama daram ko ya yi ɗingishi, ta hanyar gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da yadda marubutanmu suka ɗauko ma'aunan arulin Larabci suka hora su da Hausa. Za ka zauna da waƙar makaɗin fada ka ga inda ya yabi ubangidansa, inda ya juya ya yi wa abokin hamayya zambo ba tare da ya kama suna ba, da inda 'yan amshi suka karɓe don ya numfasa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma ba don ya zauna a aji ba.

Fifikon wannan ƙofa a kan sauran shi ne kai ɗan gida ne. Ɗalibin falsafa yana karanta hukuncin wani kan kiɗan da bai taɓa ji ba. Kai kuwa kunnenka ya riga ya san inda kalangu ya yi magana, ka san habaicin da ya yi zafi da wanda ya faɗi ƙasa. Alƙalin da Hume ya siffanta, wanda ya daɗe yana ji yana gwadawa, a waƙar Hausa kai ne ko kakarka.

Larabci kuma yana da taskar da ba kowa ya san falsafar kyau ce ba. Balaga da rassanta uku, ma'ani da bayani da badi'i, amsa ce ga tambayar me ya sa wata magana ta fi wata. Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya kafa hujja cewa kyan magana ba a kalma ɗaya-ɗaya yake ba, a yadda aka jera su ne, har in ka gabatar da wadda aka jinkirta sai ma'ana ta canza, armashi ya zube. Da aka fassara littafin Aristo kan waƙa zuwa Larabci, nau'o'in wasan Girkawa biyu, na baƙin ciki da na ban dariya, sai aka ɗauke su a matsayin yabo da zambo, Ibn Rushd kuma ya yi sharhi a kan haka da misalai daga waƙoƙin Larabawa. Wanda ya tashi a Islamiyya ko ya yi karatun zaure, rabin hanyar nan ya riga ya taka ta.

Aibin ƙofar biyu ne. Kusan rabin digirin Hausa kimiyyar harshe ce, tsarin sauti da ginin kalma da ginin jimla, kamar yadda nahawu da sarfu suke cin kaso babba a Larabci. Na biyu ya fi damuna. Hanyar feɗe waƙa tana iya zama fom da ake cikewa: a kawo tarihin mawaƙi, a faɗi jigo, a lissafo kamance biyar da kambamawa uku, a rufe. An ƙirga kayan ado, ba a ce ko waƙar ta yi kyau ba, balle dalili. Tambayar "me ya sa" ba kasafai ake matsa wa ɗalibi a kanta ba, alhali ita ce zuciyar abin da ka zo nema. In ka bi nan, kai za ka ɗauko ta da kanka, ka nemi malamin tarken adabi da zai bar ka ka yi ta.

Abin da zan ce wa ƙanena

In ƙanena ne ya tambaye ni, zan fara da tambayarsa abin da yake yi in ba wanda ya sa shi. Wanda bayan littafinsa na lissafi cike yake da zane, ya tafi Zane, ya ɗora wa kansa karatun falsafa a gefe. Wanda ke haddace waƙa ba da niyya ba, yana jin ciwo in an karya kari, ya tafi Hausa ko Larabci. Wanda kuwa ba ya barin magana ta wuce sai ya tambayi hujjarta, kuma zai ji daɗin mantiƙi da siyasa da ɗabi'a ko da ba a taɓa ambatar fasaha ba, shi ne na Falsafa, kuma kada kowa ya hana shi.

Ga wanda ya tsaya tsakiya, ra'ayina a fili yake: ya fara mallakar fasaha guda, sannan ya nemi falsafarta a digiri na biyu. Dalilina shi ne ido da kunne suna son shekarun ƙuruciya da yawan maimaici, kuma da wuya mutum ya koya wa kansa su daga littafi. Hujja kuwa ana iya koyonta daga baya, kuma tana fin daɗi in akwai abin da za a yi hujjar a kansa. Abin da muke da ƙarancinsa ba masu maimaita Kant ba ne. Muna da ƙarancin wanda ya san ɗinkin hannu ko ginin ƙasa ko waƙar noma ciki da bai, sannan ya iya zama ya rubuta, da hujjar da za ta tsaya a ko'ina, abin da masu wannan sana'a suke nufi in sun ce aiki ya yi. Magina da maɗinka suna tsufa suna tafiya da ma'auninsu a ka.

Zancen aiki kuma a faɗi gaskiya. Babu ɗaya cikin ukun da ke kai mutum ofis kai tsaye. Zane da zayyana sun fi saurin zama sana'a: zanen talla, tambarin kamfani, bangon littafi, adon gida, tsara sutura, aikin fim, kuma da yawa suna fara samun na kashewa tun suna makaranta. Amma mai sha'awar zanen atamfa kada ya dogara da masaƙu. Kakuri da ta tashi da masaƙar farko a 1957 yau yawancin injinanta shiru suke, don haka kansa zai yi wa aiki. Hausa tana kai wa koyarwa, fassara, rubutun fim, da gidajen rediyo da talabijin, waɗanda Kaduna ba ta rasa su ba, ga kuma sassan Hausa na kafofin waje da masu neman a rubuta musu Hausa a intanet. Falsafa ta fi kowanne rashin hanya takamaimai: koyarwa, aikin gwamnati, jarida, ƙungiyoyi, ko a ɗora da wani digirin. Mai niyyar koyarwa a sakandare, kowanne ya karanta, zai buƙaci difilomar koyarwa da rajistar hukumar malamai.

Wurin zama shi ma yana cikin lissafi. Samaru tana da nisan kusan kilomita 80 daga Kaduna, mota daga Kawo, ke nan sai hostel ko haya. KASU kuwa tana kan titin Tafawa Balewa, ana iya zuwa daga Tudun Wada ko Unguwar Rimi a dawo gida a kwana. Ga ƙanwar da iyaye ba su yarda ta yi nisa ba, ko gidan da kuɗin haya zai gagara, wannan kaɗai yana iya mayar da Hausa ko Larabci zaɓin da zai yiwu, kuma ba faɗuwa ba ce.

Sharuɗɗan shiga kusan ɗaya ne a sama: kiredit biyar har da Turanci, darussa huɗu a jarrabawar JAMB, sai tantancewar jami'a, ko a shiga aji biyu kai tsaye da sakamakon karatun share fage na IJMB ko NCE ko difiloma. Bambancin yana cikin darussan da kowane sashe ke nema, kuma wannan a duba kundin shekarar da ake ciki, kada a dogara da abin da wani yaya ya yi shekarun baya. Sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, saboda haka kwasa-kwasan sashe ɗaya suna iya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Ka shiga mota ka je sashen da kanka. Ka nemi littafin jagoran ɗalibai ka ƙirga kwas nawa ne suka shafi abin da kake so. Ka leƙa situdiyo, ka buɗe kundayen 'yan ajin ƙarshe ka ga irin tambayoyin da ake bari a yi. In kuma shirinka shi ne ka fara da Zane ko Hausa ka ƙare a Falsafa, ka tambayi sashen Falsafar tun yanzu ko suna karɓar mai digirin wani fanni kai tsaye a digiri na biyu, ko sai ya fara yin difilomar share fage, domin wannan yana iya ƙara maka shekara guda da kuɗinta.